Kafin Ki Ajiye Aikin, a Kai Bajonki Awo

Wata ƙanwarmu daga Legas ta aiko da wannan wasiƙa, na taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar ɗaukar hoto ce, eksire da sikanin, a wani asibiti mai zaman kansa wajen Surulere, ina zaune da maigidana a Agege. Da muna da yawa a sashenmu, yanzu abokan aiki sun watse, wasu Ingila wasu Saudiyya, saura mu biyu, kuma ba a ɗauki kowa ba. Ina fita bayan asuba, sau da yawa sai bayan isha nake shigowa, ga kiran dare. Kullum ciwon kai da ciwon baya, barci sai na sha ƙwaya, al'adata ta rikice. Shekara biyu da aure ban samu ciki ba, Hajiyar maigidana ta ce hasken injin ne ya ƙone min mahaifa, kullum tana aiko min da madara. Bajon da ke auna hasken kuwa an daɗe ba a karɓa an kai awo ba. Kwanan baya na daka wa wata tsohuwa Bahaushiya tsawa don ta kasa riƙe numfashi, sannan na sa alamar dama a hoton ƙafar hagu, Allah ya sa likita ya gani. Da ba haka nake ba. Yanzu in an shigo da majinyaci ba na jin komai a raina, in na shiga ɗakin canza kaya kuma sai kuka. A unguwa ma ba hutu, kowa da hotonsa a leda, 'duba min, me kika gani?' An ce in yi haƙuri, ƙarancin tawakkali ne. Anti, in ajiye aikin ne?"

Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo sauƙi.

Kada ki rubuta takardar ajiye aiki a wannan watan. Mai yiwuwa nan gaba ki bar wannan asibitin, kuma in abubuwa suka ƙi gyaruwa ni da kaina zan ce miki ki bar shi. Amma wanda ya yi watanni bai samu barcin kirki ba bai kamata ya yanke hukuncin da zai shafi sauran rayuwarsa ba, balle in tsoro ne ke ingiza shi. A wasiƙarki an cakuɗa abu biyu, tsoron hasken na'ura da nauyin aiki, kuma wanda aka fi yayatawa a gidanku shi ne mafi ƙarancin laifi.

Kin fi ni sanin karatun nan. Sai dai in mutum ya gaji, kuma kullum ana nanata masa magana ɗaya a gida, har abin da ya ci jarrabawa a kansa sai ya fara shakkarsa. Don haka zan tuna miki, yadda za ki iya karanta wa maigidanki ya fahimta.

Hasken eksire yana fita ne a ɗan lokacin da kika danna maɓalli, a hoton ƙirji bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Da kin saki, shi ke nan ya ƙare. Ba ya maƙalewa a bango, ba ya bin tufafi, ba ya taruwa a jini har a ce madara za ta wanke shi. Sikanin ɗin da ake yi wa masu juna biyu da sauti yake aiki, na'urar hoton cikin jiki ta MRI kuma da maganaɗisu, babu ɗayansu da ke fitar da irin wannan haske. Ƙa'idar duniya, wadda Najeriya ke bi, ta ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20 (ma'aunin hasken da jiki ya ɗauka ke nan) a shekara in aka daidaita lissafin a kan shekara biyar, kuma kada ya haura 50 a shekara guda. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin samaniya. Mai ɗaukar hoton da ke tsayawa bayan garkuwa, a ɗakin da aka gina bisa ƙa'ida, yawanci bajonsa ba ya nuna ko kashi ɗaya cikin goma na waccan iyaka. Adadin da ke kashe ƙwan mace kuwa dubbai ne, irin wanda ake kaiwa wajen gashin cutar daji in aka haska ƙugu, ko a hatsarin nukiliya. Ciwon kai, rashin barci da rikicewar al'ada ba su cikin abin da ɗan wannan haske ke haifarwa. Amma duk ukun sanannun abokan tafiyar aikin dare ne da doguwar damuwa. Ciwon baya kuma ki tuhumi rigar dalma mai nauyi da kike sawa don kariya daga hasken, da ɗaga majinyata daga keke zuwa tebur, da sunkuyon da kike yi kan sikanin, hannunki a miƙe, tun safe har yamma.

Sai dai duk wannan magana ta rataya ne a kan kalma ɗaya da na faɗa, wato ɗakin da aka gina bisa ƙa'ida. A nan ne maganar bajonki ta dame ni fiye da komai. Bajon da ba a kai awo ba ya zama ado a ƙirji. Ke ba ki da lambar da za ki nuna wa Hajiya, asibitin ma ba shi da lambar da zai nuna miki. Wannan haƙƙinki ne, ba alfarma ba. Hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa don kula da harkar nukiliya da kariya daga irin wannan haske, tana buƙatar duk wurin da ke amfani da na'urar eksire ya mallaki lasisi, ya naɗa jami'in da ke kula da kariya, kuma a riƙa auna abin da ma'aikata ke ɗauka ana ajiye sakamakon. Bajon irin naku ana karɓarsa ne duk bayan wata ɗaya zuwa uku. Ki rubuta wa shugaban sashenku takarda, cikin ladabi, ki nemi a kai bajonki awo, a ba ki kwafin sakamakonki na baya, a kuma faɗa miki ranar da aka yi wa bangon ɗakin da rigunan dalma gwaji na ƙarshe. Ki riƙe kwafin takardar da sa hannun wanda ya karɓa.

Kafin amsa ta zo, ki tsare kanki a wuraren da haɗarin yake na gaske: ɗakin tiyata inda na'ura ke haskawa tsawon lokaci likita na aiki, da na'urar da ake turawa zuwa gadon majinyaci a ɗakin kwanciya, da riƙe yaro mai mutsu-mutsu da hannunki lokacin ɗauka. Wannan na ƙarshen na san ana yinsa in layi ya yi tsawo kuma babu mataimaki. Ki daina. Uwa ko uba su sa riga su riƙe ɗansu, su sau ɗaya ne, ke kuwa kullum ne. Ki tuna in kika ninka tazararki daga inda hasken ke tarwatsuwa, abin da ke isowa gare ki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Rigar dalma kuma a rataye ta, in ana ninke ta tsagewa take yi ta ciki ba a gani. Ranar da Allah ya kawo rabo, ki sanar da su a rubuce da wuri. Ƙa'ida ta ce abin da zai isa ga ɗan cikin kada ya wuce milisibat 1 har haihuwa, kuma ana cimma wannan ta hanyar ɗauke ki daga tiyata da na'urar turawa, ba sai kin bar aiki ba. Mata da yawa sun yi wannan aikin sun haifi 'ya'yansu lafiya.

Maganar ciki kuwa, likitoci suna fara bincike ne in ma'aurata sun shekara ɗaya suna tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ba a samu ciki ba. Kun wuce nan, don haka lokacin zuwa asibiti ya yi, ku biyu. Na ce ku biyu don a kusan rabin irin waɗannan matsaloli akwai hannun ɓangaren namiji, kuma gwajinsa ya fi naki sauƙi da araha. Akwai kuma tambayar da babu mai yi miki ita a gida: matar da ke fita bayan asuba, ta dawo bayan isha a galabaice, ta kwana a asibiti wasu dararen, sau nawa take samun natsuwa da mijinta a kwanakin da ake ɗaukar ciki? Ki zauna da maigidanki ranar da kike hutu, ba da tsakar dare kina hamma ba, ki faɗa masa duk abin da kika faɗa min, har da kukan. Shi ne zai yi wa mahaifiyarsa bayani, ba ke ba. Maganar da ɗa zai faɗa a saurara, in suruka ta faɗe ta sai ta zama rashin kunya. Madarar Hajiya kuma ki karɓa hannu biyu ki yi godiya. Tsoro ne ya sa take aikowa, kuma wanda ke tsoro saboda ke bai zama abokin gaba ba.

To me ke damunki? A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da irin halin da kike ciki cikin kundinta na rarrabe cututtuka, ICD-11, a matsayin abin da ke faruwa da mutum in matsin aiki ya daɗe ba a magance shi ba. Ta ba shi alamu uku: ƙarewar ƙarfi, da janyewar zuciya daga aikin har mutum ya fara jin haushinsa ko ya daina jin komai, da raguwar iya aikin. Ki sake karanta wasiƙarki, duk ukun suna ciki da hannunki kika rubuta su. Hukumar ta jingina abin ga wurin aiki, ba ga halin mutum ba. Aikin da mutum biyar ko shida suke yi aka jibga wa mutum biyu, dole wani abu ya karye, kuma jiki magayi ne.

Na san tsawar da kika yi wa tsohuwar nan ita ta fi tsaya miki a rai, don ke 'yar gidan tarbiyya ce, kin san matsayin tsohuwa. In ta dawo karɓar sakamako ko wani hoton, ki durƙusa ki ce, "Inna, ki yafe min, ranar nan na gaji ne." Ki yi istigfari ki wuce. Wadda zuciyarta ta mutu ba ta shiga ɗaki ta yi kuka bayan ta yi tsawa. Kuskuren alama ne nake so ki ɗauka da muhimmanci sosai, don da ya wuce, da an iya ɗaure ko a yanka ƙafar da ba ta da laifi. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarin hankalinsa da daidaiton hannunsa suna raguwa daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da dama ke hana tuƙi a kanta. Ki lissafa daga ƙarfe biyar na asuba, ƙarfe goma na dare kin kai nan, kuma a daren kira sannan ne aikin ke farawa. Ba wanda zai yarda mashayi ya ɗauki hoton mahaifiyarsa, amma an yarda wadda ba ta runtsa ba ta ɗauka. Kada ki ɓoye kuskuren. Ki rubuta shi a littafin rahoto, da ƙarfe nawa ya faru da awa nawa kika yi a tsaye kafin nan. Daga yanzu kuma ki sa alamar kafin ki danna, ki tambayi majinyaci da baki wace ƙafa ce, ki dafa ta, ko da mutum talatin na jira.

Akwai wani nauyi na aikinku da mutanen waje ba sa gani, kuma ina jin yana cikin abin da ya sa kika daina jin komai. Ke kike fara gani. Mace ta shigo tana fara'a tana ba ki labarin bikin 'yarta, ki ɗora na'ura ki ga ƙullutun da kin san irinsa, kuma a ƙasar nan mafi yawan masu sankarar mama ba sa zuwa sai ta yi nisa. Ta kalli fuskarki ta ce, "'Yata, lafiya dai ko?" Ke kuma dole ki ce likita zai yi mata bayani, don a tsarin asibiti likitan hoto ke rubuta rahoto, wanda ya turo ta ke sanar da ita. Ki haɗiye, ki kira na gaba. In ana yin haka sau da yawa a mako babu wanda za a faɗa wa, zuciya kan rufe ƙofa don ta kare kanta, kuma in ta rufe ba ta zaɓar wanda za ta rufe wa, har miji da 'yan'uwa. Maganin wannan shi ne a samu inda ake sauke shi. Ke da abokin aikinki da ya rage, ko wata ma'aikaciyar jinya da kika amince da ita, ku ware minti goma a ƙarshen aiki ku yi maganar wanda ya fi taɓa ku a ranar, ba tare da ambaton suna ba. Ƙaramin abu ne a ido, amma ki gwada.

Ke kuma naki ya ninka, don Bahaushiya ce ke a asibitin Legas. Duk wanda ya zo daga Mile 12 ko Alaba Rago ko Idi-Araba ba ya jin Turanci ko Yarbanci, ke za a kira ki zama tafinta, ki bar na'urarki ki je ɗakin likita ki isar da labarin da ba ke kika yanke ba. Mata kuma ke suke nema, don ba sa son namiji ya buɗe su. Wannan alheri ne babba, Allah ya ba ki ladansa, amma aiki ne na biyu da babu shi a takardar albashinki. Ki sa shi cikin lissafi in kin je gaban oga. Na unguwa kuwa dole ki yi masa iyaka, kuma doka tana bayanki: dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci, sannan fassara hoto a tsakar gida da hasken waya, babu tarihin ciwon babu gwajin jini, cutar da mutum ne ko da niyyar taimako ce. Ki riƙe jimla ɗaya ki yi ta maimaitawa: "Baba, wallahi in na faɗa maka abin da ba shi ba na cuce ka, kai wa likitan da ya turo ka, in kana so in faɗa maka ranar da yake zama." Za a yi gunaguni na ɗan lokaci, a ce kin fara girman kai. Maigidanki ya tsaya a zaure ya ce kina barci, kin kwana aiki. Wayarki kuma ta mutu in kin kwanta, in ba daren kira ba ne.

Ƙwayar barcin nan ba ki faɗi sunanta ba, kuma ina zargin ba likita ne ya rubuta miki ba, don ma'aikacin asibiti ya fi kowa sauƙin samu. In irin su diazepam ce ko danginta, makonni kaɗan suka isa jiki ya saba har ya kasa barci sai da ita. In kin daɗe kina sha kada ki yanke dare ɗaya, hakan na da haɗari. Likita ne zai rage miki a hankali. Tramadol don ciwon baya kuma ko kusa kada ki fara. Ki je ki ga likita a matsayin majinyaciya, da kati da layi, ba a tsaye a baranda ba, kuma ya fi kyau a wani asibitin daban da naku. A auna hawan jini, a duba ƙarancin jini da sukari, a duba abin da ya rikita al'adar. Sannan ki faɗa masa maganar kukan da rashin jin komai. In baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun bi ki har ranar hutu, har wajen biki, kusan kullum sama da mako biyu, to abin ya wuce gajiyar aiki ya shiga ciwon damuwa, kuma yana da magani. Na san a Legas in aka ce Yaba abin da ke zuwa ran mutane, amma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can, wanda ke nan tun 1907, yana ganin masu rashin barci da fargaba da damuwa su koma gida a ranar. Asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja su ma suna da wannan sashe. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta hana nuna wa mutum bambanci saboda irin wannan lalura. In kuwa har tunanin cewa gara mutuwa ya taɓa zuwar miki, kada ki jira ranar ganin likita. Ki faɗa wa maigidanki a daren, ku tafi sashen gaggawa, ko ku kira 112 ko 767.

Wanda ya ce miki ƙarancin tawakkali ne, wataƙila da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma bai yi daidai ba. Lokacin da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare kullum, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yaba masa ba. Ya hana shi, ya ce jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi a kansa, matarsa tana da haƙƙi a kansa. In ibada ma an yi mata iyaka don jiki, ina ga jadawalin asibitin kuɗi? Ki riƙe sallarki da azkar ɗinki, su ne za su riƙe ki. Amma haƙurin da ake nufin ki yi shiru har ki ɗauki hoton da zai sa a yanka ƙafar wani, ban san shi a addini ba.

Yanzu sai oga. Kada ki shiga ofishinsa kina cewa kin gaji, zai ce kowa ya gaji, ga tsadar dizal, ga kowa na guduwa waje. Ki yi mako biyu ko uku kina rubuta ƙarfe nawa kika shiga, ƙarfe nawa kika fita, mutum nawa kika ɗauka, hoto nawa aka maimaita, sau nawa aka kira ki tafinta. Ku je ku biyu da abokin aikinki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ya san in ɗayanku ya faɗi sashen ya rufe. Ku nemi abin da za a iya bayarwa gobe: wanda ya kwana kira kada ya zarce da aikin safe, a ɗauko mai aikin wucin gadi ya riƙe wasu dararen da ƙarshen mako kafin a samu na dindindin, a ba ku mai taimakawa wajen ɗaga majinyata, a tsayar da adadin sikanin da ba na gaggawa ba a rana. In kina son ma'auni, a Tarayyar Turai doka ta sa a bar ma'aikaci ya huta awa 11 a jere a kowace rana, kuma kada makonsa ya wuce awa 48 a matsakaici. Ba dokarmu ba ce, amma irinta abokan aikinki da suka tafi Ingila suke gudu su tarar, kuma mai asibitin ya kamata ya ji haka. Hutun shekara ki ɗauko takardar ɗaukar aikinki ki ga kwana nawa aka rubuta, ki nemi a ba ki shi a dunƙule, kada ki yarda a musanya miki da kuɗi a bana. In an toshe kunne, akwai reshen ƙungiyarku ta ARN a jihar, akwai hukumar RRBN da ta yi miki rijista, akwai HEFAMAA da ke sa ido kan asibitoci a Legas, akwai NNRA kan maganar bajo. Ki fara da ƙungiya, su sun san hanyar da ba za ta bar ki ke kaɗai a fili ba. Ki kuma tambaya ko asibitin na biya muku kuɗin NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata, don dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa.

Hanyar Agege zuwa Surulere ita ma aiki ce. Jirgin ƙasa na Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Ki duba ko lokutansa sun dace da naki. In akwai 'yar'uwa ko ƙawar arziki a Idi-Araba, ku yi shawara da maigida ki riƙa kwanciya can na 'yan awanni bayan daren kira maimakon ki afka cunkoso ido na rufewa. Shayi mai ƙarfi da kofi da goro ki yanke su awa shida kafin kwanciya. Girkin mako a yi shi ranar hutu, ko a nemi mai taimako. In tuwon dare ya zama na saye sau biyu a mako, aure bai mutu ba.

Ki ba wannan duka wata uku, ki rubuta ranar a takarda ku biyu da maigidanki. In ranar ta zo bajo bai je awo ba, kuma har yanzu ana haɗa miki dare da safe, ki bar musu asibitinsu, amma kada ki bar sana'ar. Ƙarancin ma'aikatan da ke gallabarki shi ne kuma ya sa ake nemanki. Akwai cibiyoyin gwaji a Ikeja da kewaye da ba sa kwana, akwai wuraren da aikin sikanin ne kawai ko hoton mama, inda mace mai jin Hausa take da daraja ta musamman, akwai asibitocin gwamnati, akwai koyarwa. In tafiya waje ce ko komawa Arewa, ku yanke ta kuna da barci a ido. Ki fara nema tun kina kan aiki, ki sabunta lasisinki na RRBN kada ya yanke, ki bayar da sanarwar da takardar aikinki ta tanada, kuma kafin ki miƙa makulli ki karɓi takardar shaidar aiki da kwafin duk sakamakon bajonki, don sabon wurin zai buƙace shi ya ɗora lissafi a kai.